Idan Gemu Ya Fito Wa Uwargida

   

Maganar da na zo da ita yau ba a cika yin ta da ƙarfi ba, ko tsakanin uwa da 'yarta. Ni ma da ba don wani abu da ya faru a ajina ba, da wataƙila ban kawo ta ba.

A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma akwai wata ɗaliba, ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba, mai ƙoƙari da natsuwa. Ajin mata ne zalla, da zarar an shigo kowa sai ta ɗage niƙabinta ta sha iska, amma ita kullum hijabinta a jawo yake har ya rufe leɓenta na ƙasa, ko da kuwa ana zafin bazara. Na ɗauka kunya ce. Ranar da muka zo babin da ya yi maganar ƙarin gashi da tsige gira a Riyadus Salihin, na lura ta yi shiru tun daga farko har ƙarshe. Da aka tashi sai ta ƙi fita, sai da kowa ya watse sannan ta matso, ta sauke hijabin. Haɓarta duk ƙuna ce da baƙin tabo da ƙuraje, ga tsinin gashi yana leƙowa ta tsakiyarsu. Ta ce, “Malama, ke nan ni ma la'anar ta hau kaina?”

Wallahi sai da idona ya ciko. Shekara bakwai ke nan baiwar Allah tana shiga banɗaki kafin asuba ta cire gashin a ɓoye, ta fito tana istigfari, tana ganin saɓo take yi kullum. Ƙunar kuwa hodar askin maza ce ta kwaɓa ta shafa, ta bar ta ta wuce lokaci wai don ta kashe saiwar. Na ce mata, “Ƙanwata, zauna tukuna. Yaya al'adarki?” Ta ce wani lokaci sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta gani ba. Haihuwa fa? Shekara biyar da aure, ko ɓatan wata na gaskiya ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, an sha saiwoyi, dangin miji har sun fara ƙananan maganganu. Amma babu wanda ya taɓa haɗa mata gashin da al'adar da rashin haihuwar wuri ɗaya, domin kuwa shi gashin babu wanda ya san da shi.

To bari mu fara da hukunci, tun da shi ne ke hana mata barci. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) da Buhari da Muslim suka ruwaito ingantacce ne, babu mai ja da shi, kuma a cikinsa an la'anci mai tsige gashin fuska don neman ado da wadda ake tsige mata. Sai dai wane gashi ake nufi? Imam Abu Dawud a cikin Sunan ɗinsa ya fassara kalmar da mai tsige gira har ta sirance. Imam Nawawi kuma a sharhinsa na Sahihu Muslim ya ware macen da gemu ko gashin baki ya fito mata, ya nuna cire shi bai haramta ba, abin so ne ma. Malamanmu na Malikiyya sun wuce nan, domin Shehu Dasuƙi a hashiyarsa a kan sharhin Dardir na Muhtasar ya bayyana cewa abin dogaro a mazhaba shi ne wajibi ne mace ta aske su. Ba zan ɓoye miki ba, an samu wanda ya tsananta ya hana, wato Imam Ɗabari, amma mafi yawan malamai ba su bi shi a kan haka ba. Dalilin kuwa a fili yake: gira halitta ce ta kowace mace, mai sirantar da ita ƙarin kyau take nema, shi kuwa gemu ga mace lalura ce, mai cire shi kawar da cutuwa take yi. Saboda haka ki cire abinki da zuciya ɗaya, ki bar girarki yadda Allah Ya yi ta. Inda kawai za ki dakata shi ne idan kin ɗaura haramar Hajji ko Umara, wannan kam sai kin sauke.

Sai kuma camfin da ke yawo, wai mace mai gemu mayya ce, wasu su ce muguwa, wasu kuma don su kwantar mata da hankali su ce alamar arziki ce. Duk babu ko ɗaya. Ga abin da yake faruwa.

Kowace mace jikinta yana samar da ɗan kaɗan daga sinadarin nan da ake kira na maza, wato testosteron, kamar yadda shi ma namiji yake da na mata kaɗan. Kuma kowace mace tana da gashi a fuska, sai dai mai laushi ne, ba a ganinsa. Idan sinadarin ya yi yawa a jini, ko kuma saiwar gashin ta cika saurin jinsa, sai wannan lallausan gashin ya rikiɗe ya zama baƙi mai kauri, a haɓa da saman leɓe da gefen kunne da wuya, wani lokaci har ƙirji da ƙasan cibiya. Wata gado ne kawai, za ki ga gwaggonninta ma haka suke, al'adarta lafiya lau, ga 'ya'yanta reras. Wata kuma sai shekaru sun ja, al'ada ta ɗauke, sannan 'yan silalla su fito. Waɗannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Amma abin da ya fi kawo shi ga mace mai ƙuruciya shi ne lalurar da likitoci suka daɗe suna kira PCOS, wadda wasu likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 da ke shekarun haihuwa, kuma har kusan 70 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. Kin ga ke nan a ajin mata arba'in da wuya a rasa uku ko huɗu. Tun bayan wani taron masana da aka yi a Rotterdam ta ƙasar Holan a 2003, likita yakan duba abu uku ne, idan biyu suka haɗu kuma ya tabbatar ba wata cutar ba ce sai ya yanke: al'ada mai tsallake ko nisa, alamar yawan sinadarin maza kamar gashin nan da ƙurajen fuska, sai kuma hoton ciki ya nuna ƙananan ƙwayaye jere a ma'ajiyar ƙwan mace. Kada wannan na ukun ya firgita ki. Ba ƙari ba ne, ba kuma aikin tiyata ba ne, ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya ba su ƙosa ba. Shi ya sa al'adar take nisa, shi ya sa kuma cikin yake wuyar samuwa.

Akwai wata alama da mu mata muke yi wa mummunar fahimta. Za ki ga bayan wuyan yarinya ko hamatarta ya yi baƙi ya yi kauri, uwa ta yi ta faɗa wai ƙazanta ce, a sa soso a yi ta dirza har fata ta yi ciwo. Ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, shi ne sinadarin da ke shigar da sukari inda ake bukatarsa. In jiki ya ƙi jinsa sai ya ƙara yawa a jini, yawan nasa kuma shi ke zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da sinadarin maza. Wannan ne ya sa mai wannan lalura ta fi sauran mata kusa da ciwon sukari, ya kamata a riƙa gwada jininta lokaci zuwa lokaci.

Wani abin kuma da hannunmu muke sayo shi. Mayukan bilicin da yawa akwai sinadarin sitiroyid a cikinsu, musamman 'yan tub-tub ɗin nan da ake matsewa cikin man shafawa, kuma daɗewa ana shafa su yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a kumatu. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ake ɗirka wa amare, irin su sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai deksametazon a ciki: fuska ta kumbura ta yi zagaye, ana murna amarya ta yi kyau, bayan 'yan watanni ga gashi, ga hawan jini, ga sukari. Garin neman gira a rasa ido. Wadda ta daɗe tana shan irin wannan ƙwaya kada ta yanke ta rana ɗaya, akwai haɗari, likita ne zai janye mata ita a hankali.

Yanzu mu zo ga cirewa a gida.

Na san da na ce reza wasu za su dafe ƙirji, domin tun muna yara muke jin cewa in aka aske gashi sai ya ƙara yawa da kauri. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Tun a 1928 wata masaniya Ba'amurkiya, Mildred Trotter, ta gwada ta auna, ta samu aski ba ya ƙara wa gashi kauri ko launi ko saurin tsiro, kuma waɗanda suka sake gwadawa bayanta abin da suka samu ke nan. Reza saman fata take yankewa, ba ta isa saiwa ba. Abin da ya sa ake jin kaushi shi ne asalin bakin gashi tsini ne da shi mai laushi, in an yanke sai ya fito da dakusasshen kai. Wadda kuma ta ga nata yana ƙaruwa bayan ta fara aski, to lalurar ce take ci gaba, da ma ko ba ta aske ba zai ƙaru. A ganina ga wadda gashinta yake da yawa kuma yake saurin dawowa, aski ya fi duk sauran tausaya wa fata, in dai an yi shi daidai. Ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, ki sa kumfar sabulu mai laushi, ki bi gashin ta inda ya kwanta, kada ki yi masa gaba-da-gaba, kada kuma ki ja fatar don ki kankare ƙwal. Ki ɗauraye, ki shafa ɗan man kaɗe. Rezar ta zama taki ke kaɗai, sabuwa ko mai kaifi, ba ta maigida ba, domin ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna bin reza. Wadda ƙuraje suka dama ta nemi ƙaramar kilifa mai batir, ita ba ta kai wa ga fata sosai.

Su waɗannan ƙurajen su ne babbar matsalarmu mu baƙar fata. Gashinmu a nannaɗe yake, idan aka yanke shi ƙasa sosai ko ya karye wajen tsigewa, sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura, in ya warke ya bar baƙin tabo wanda yakan yi watanni bai baje ba. Da yawan mata in kin duba da kyau tabon ne ake gani daga nesa, ba gashin ba. Don haka kada ki sa allura ko tsinke kina tono, ki riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki huta da cirewa kwana biyu uku har ya lafa.

Hantsaki na mai silalla biyar ko goma ne. Ki goge bakinsa, ki kama gashin daga tushe, ki fizge ta inda ya fuskanta. Amma mai gashi cike da haɓa ta zauna gaban madubi kullum awa guda tana tsiga, wannan azabtar da kai ne, kuma shi ya fi kawo tabo. Zare da wasu masu gyaran jiki suka iya yana da kyau ga saman leɓe, in an samu mai tsabta.

Sai halawa, wadda muka koya daga 'yan uwanmu Shuwa da mutanen Sudan. Sukari kofi biyu, ruwa kwatan kofi, ruwan lemon tsami kwatan kofi, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ta yi launin zuma. Ki ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ta dunƙule tana miƙewa to ta yi. Ki bari ta huce sosai, ki fara gwadawa a bayan hannunki, domin ƙunar sukari mugun abu ne a fuska. Gashin ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, fatar a wanke a bushe, a ɗan shafa hoda. Ki shimfiɗa halawar ta kishiyar inda gashin ya kwanta, ki danne fatar da ɗaya hannun, ki fizge da sauri ta inda ya kwanta. Kada ki maimaita wuri ɗaya fiye da sau biyu. Amfaninta shi ne tana fitar da gashin da saiwarsa, sai ki samu sati biyu ko fiye kina hutawa. Bayan kin yi, ki yi kwana ɗaya zuwa biyu ba dilka, ba humra a wurin, ba zama cikin rana, kuma ki tabbatar kin wanke danƙon tas kafin alwala. Amma ki ji ni da kyau: mai shafa man bilicin, da mai shafa ko shan maganin ƙurajen fuska mai sa fata saɓa, da mai ɗanyen ƙurji, halawa ba tasu ba ce, da fatar za ta taho.

Man cire gashi na kanti narkar da gashin yake yi, kuma abin da ya iya narkar da gashi zai iya cin fata. Ki sayi wanda aka rubuta na fuska ne, ki gwada a ɗan wuri ki jira kwana ɗaya, sannan kada ki ƙara ko minti ɗaya a kan lokacin da aka rubuta. Hodar askin maza, da haɗe-haɗen kanwa da toka, da man nan marasa suna da ake tallatawa a WhatsApp wai suna kashe gashi har abada, don Allah ki rufa wa fuskarki asiri. Kurkur da madara suna sa fata laushi, amma ba sa kashe saiwa. Shayin na'a-na'a kuwa an yi ƙananan gwaje-gwaje a kansa a Turkiyya a 2007 da Ingila a 2010, kofi biyu a rana, an ga sinadarin maza ya ɗan sauka a jini, sai dai gwajin gajere ne, bai nuna gashin ya ragu a ma'aunin likita ba. Ki sha a matsayin shayi, kada ki dogara da shi.

Masu hali sukan tambaye ni maganar leza. Tana rage gashi sosai, amma sai an yi zama da yawa, kuma ga mai wannan lalura yakan dawo in ba a magance tushen ba. Hasken nata baƙi yake bi, mu kuwa fatar ma baƙa ce, don haka akwai nau'in da ya dace da mu, ana ce masa Nd:YAG, ki tambaya kafin ki kwanta. 'Yan na'urorin haske na gida da ake sayarwa a intanet yawancinsu ba don fatarmu aka yi su ba, ƙona ki za su yi.

Duk wannan da na lissafa shara ce a tsakar gida, bishiyar da ke zubar da ganyen tana nan. Ki je asibiti ɓangaren mata, ki buɗe baki ki faɗa wa likita cewa kina cire gashi, domin in kin aske kin je ba zai gani ba. Ga wadda ba ta neman ciki a lokacin, sukan ba da ƙwayoyin tazarar haihuwa, su daidaita al'ada su kuma rage sinadarin, amma ba kowa suke karɓa ba, mai hawan jini ko wadda jininta ya taɓa daskarewa a jijiya ba a ba ta. Akwai sifironolakton da ake ƙarawa, wanda bai halatta a sha da ciki ba ko ana neman ciki, domin yana illata ɗan tayi namiji. Akwai metfomin na gyaran sukari. Ga mai neman haihuwa kuma akwai maganin da ke taimakon ƙwai ya ƙosa ya fito, irin su letrozol, kuma mata da yawa masu wannan lalura sun haihu da izinin Allah. Na ambaci sunayen ne don ki san akwai magani, ba don ki aiki yaro kyamis ba. Kuma sai an yi haƙuri, gashi ba ya nuna ya ji magani sai bayan kamar wata shida.

Wadda take da jiki, rage kashi 5 cikin 100 na nauyinta kawai yakan taimaka wa al'ada ta dawo, wato mai kilo 80 ta sauke 4. Ba yunwa za ki zauna da ita ba. Ki rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu da burodi da taliya, malmalar tuwo ta ragu miya ta ƙaru, ki yawaita wake da zogale da rama, ki samu tafiyar minti talatin a yawancin ranakun mako, ko da zagayen tsakar gida ne. Siririya ma tana iya samun lalurar, kada a ce da ita ƙarya take yi.

Abu biyu ba sa jira. Idan al'ada ta wuce wata uku ba ta zo ba kuma ba ciki, a je asibiti, domin bangon mahaifa yana ta kauri ne ba ya zuba, kuma barinsa haka shekara da shekaru yana iya kai wa ga mugun ciwo. Idan kuma gashin ya taso gaba ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, gaban goshi ya fara sanƙo, wannan a tafi cikin makon nan, domin yana iya zama ƙari ne a ma'ajiyar ƙwai ko a ɗan ƙullutun da ke saman ƙoda.

Iyaye mata, in kin ga gashi a haɓar 'yarki budurwa kada ki yi salati da ƙarfi a gaban ƙannenta, kada kuma ki bari a laƙaba mata suna. Ki ja ta ɗaki, ki koya mata cirewa da hannunki, ki tambaye ta kwanakin al'adarta, ki ba ta ɗan littafi ta riƙa rubutawa. Wannan littafin zai yi mata amfani wajen likita, zai kuma yi mata amfani wajen lissafin sallarta da azuminta.

Ita ɗalibar tawa, abin da ya fi yi mata nauyi shi ne faɗa wa maigidanta, tun da dai sai da izininsa da kuɗinsa za a je asibiti. Sati biyu tana juya maganar. Da ta faɗa, sai ya ce ai tun shekarar farko ya sani, ya yi shiru ne don kada ta ji kunya. Shi ya kai ta da kansa. An yi gwaji an tabbatar, an ɗora ta a kan magani, yanzu wata na huɗu ke nan, al'adar ta zo sau uku. Gashin yana nan, da kilifa take bi duk bayan kwana biyu, tabon ya fara bajewa. Maganar haihuwa kuwa likita ya ce su dawo bayan Sallah, ku sa ta a addu'a.

Masu tambaya a kan hukuncin jinin da ke yin wasa, ya zo ya ɗauke ya dawo, na ga wasiƙunku, shi za mu ɗauka a wata mai kamawa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.